Masu Canza Sitiyari

Duk wanda Allah ya jarabce shi da tsohuwar mota ya san bencin gareji. Katako ne guda, ya yi baƙi ƙirin da man inji, an ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi a gindin darbejiya, kuma a kansa ake jiran bakaniken da ya ce "yanzun nan zan dawo" tun da hantsi. A wannan benci na ƙare wa masu canza sitiyari kallo. Abin da ya fara ja hankalina shi ne, sitiyari ba ya cikin kayan mota masu mutuwa. Taya ta suɗe, batir ya yi sanyi, salansa ta ɓule, amma sitiyari yana nan yadda kamfani ya ɗaura shi har ranar da 'yan jari-bola za su zo auna motar a sikeli. Saboda haka in ka ga mutum ya shigo gareji da sabon sitiyari a leda yana murmushi, motarsa lafiyarta ƙalau. Shi ne ke da buƙatar a duba shi.

Akwai masu yi wa sitiyari riga, ta roba ko ta gashi buzu-buzu, su tuƙa da ita a zafin watan Afrilu suna share gumi. Waɗannan ban sa su a lissafi ba, sha'awa ce ta kama su aljihu ya hana.

Sai mai maɓallai. Motarsa tsohuwar yayi ce, amma ya je Ƙofar Ruwa ya samo sitiyarin sabuwar fita, mai maɓallin ƙara murya, da na canza tasha, da na ɗaga waya. Ya hau daram, ya yi kyau. Matsalar kawai, babu wayar da ta taso daga maɓallan nan ta je ko'ina. In ka shiga motarsa za ka ga ya danna na ƙara murya da babban yatsan hagu, hannun dama kuma ya sulale a hankali ya murɗa rediyo. Kai ma sai ka kau da kai, don zumunci ya ɗore.

Amma gwanina a cikinsu, wanda in na hango shi nake gyara zama, shi ne Ɗan Tsere.

Shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, motar kuma yawanci ta gida ce da aka sakar masa: Corolla ko Civic mai giya otomatik, wadda aikinta na asali kai yara Islamiyya da ɗauko cefane. Shi a idonsa motar tsere ce da ba ta sami gata ba. Zai gaya maka, ko ba ka tambaya ba, cewa wani ɗan tseren Italiya mai suna Gianpiero Moretti ne ya kafa kamfanin Momo a 1964, kuma a wannan shekarar John Surtees ya ci kambun duniya a Ferrari da sitiyarin Moretti a hannunsa. Duk gaskiya ne, bai ƙara ko gishiri ba. Abin da ba ya kawowa a labarin shi ne, Surtees yana da filin Monza a gabansa, shi kuwa abin da ke gabansa jerin Adaidaita Sahu ne daga Zoo Road har Ɗangi.

Sitiyarin kamfani faɗinsa wajen santimita 38 ne. Nasa 32, don a cewarsa ƙaramin sitiyari ya fi "jin magana". Yana jin magana kam, sai dai bakinsa na sama ya tare agogon gudu, daga 60 zuwa 120 babu abin da Ɗan Tsere ke gani, sai ya duƙa ya leƙa ta ƙasa. Ya kuma zaɓi mai zurfin ciki, wanda ya taso har kusa da ƙirjinsa, sandar sigina ta yi wa yatsunsa nisa. Wannan bai dame shi ba, da ma can ba sa shiri da sigina. A saman sitiyarin akwai ɗan jan zane, wanda masu tseren daji ke duba su san tayoyinsu sun miƙe. Nasa, in mota na tafiya sak a miƙaƙƙen titi, zanen ƙarfe ɗaya yake nunawa. Fatar kuma irin mai laushin nan ce da aka yi don masu sa safar hannu. Mako biyu da gumi da man tsire, ta koma sulɓi tana ƙyalli.

Ka tambaye shi nawa ya saya, ya faɗi kuɗin da bai kai na taya ɗaya 'yar Beljiyam ba. Ka ce, "Anya kuwa na Italiya ne?" Sai ya ɓata rai.

"Haba Kawu, ga shi nan an rubuta a jiki!"

An rubuta kam. Ka kama shi ta sama ka ɗan ja, ka ji ya biyo ka. Ka saki, ya koma, amma ba duka ba.

Duk wannan somin-taɓi ne. Inda Ɗan Tsere ya cika Ɗan Tsere shi ne ranar da ya sa abin cirewa, wato ƙarfen nan da ake ja, sitiyari ya fito a hannu ɗungurungum. Masu tsere sun ƙirƙiro shi ne saboda mazauninsu matsattse ne, in wuta ta tashi sai an cire sitiyari direba zai iya fita cikin daƙiƙoƙi. Ƙofar Corolla kuwa ko mai babbar riga uku ya shiga ya fita ba abin da zai taɓa shi. Amma daga ranar, sitiyari ya zama ɗan rakiya. Da shi ake zuwa majalisa, a ajiye a tsakiyar tabarma kusa da butar shayi. Da shi ake zuwa zance, ƙannen yarinya su kewaye shi suna tuƙa iska. Jama'a na shiga masallaci da takalmi a hannu saboda ɓata-gari, shi da sitiyari a hammata. Ya ce maganin ɓarayi ne, kuma ban musa ba, don ɓarawon da ya leƙa ya ga mota ba sitiyari zai ɗauka wani ya riga shi.

Na taɓa halartar wani ɗaurin aure a cikin lungu inda irinsa ya toshe motoci da tasa. Aka shafa fatiha, mutane suka fito, ba hanya. Aka kira shi a waya, ya ce ya bi abokan ango walima, amma kada a damu, ya bar makulli a wurin ƙaninsa. Ƙanin ya zo da gudu, ya buɗe, ya zauna, ya tayar da mota, ya miƙa hannu biyu gaba. Sai ya juyo yana kallonmu. Wani dattijo da ya yi direban tirela a zamaninsa ya aika aka samo filaya mai kulle, ya damƙe kan ƙarfen da ita, da haka aka lallaɓa motar gefe, yana tuƙi yana yi wa iyayen zamani nasiha ta taga.

Shi kuma bakaniken da ke ɗaura musu, nau'i ne mai zaman kansa. Kalmarsa ɗaya ce: "Ai ba komai, Alhaji." Littafin Toyota ya ce a cire kan batir a jira daƙiƙa 90 kafin a taɓa jakar iska, don akwai sauran wuta a na'urar. Ai ba komai. Masu hankali kan sassauta babban notin tsakiya su bar shi a kan zare biyu-uku, domin in sitiyari ya ɓalle ya sami abin da zai tare shi. Shi sai ya zare notin gaba ɗaya da sifana 19 ya jefa a aljihu, ya kira yaronsa ya ce ya tokare gwiwa ya ja, shi kuma yana bugu da guduma. In ka ga yaron gareji da kumburarren leɓe, kada ka ce dambe ya yi. Ba ya sa alama a haƙoran ƙarfen kafin ya cire, shi ya sa jan zanen Ɗan Tsere ke nuna ƙarfe ɗaya, kuma in an dawo da ƙorafi sai ya ce matsalar alaimen ce, ya tura ka wurin abokinsa. Akwai kuma naɗaɗɗiyar wayar nan mai faɗi da ke bayan sitiyari, wadda ke kai wuta ga hon da jakar iska. Juyi biyar ko makamancin haka take da shi, dole a bar ta a tsakiya. Yayin da ake jiran kaya, yaro ya mayar da ita abin wasa yana wulwulawa. An ɗaura, an biya, an yi sallama. Kwanar farko da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, sai ka ji ƙas. Hon ya tafi.

Nan mai gyaran wayoyin mota ke shigowa. Ba ya tambaya, ba ya gardama. Ya huda dashbod ya dasa maɓallin ƙararrawar ƙofar gida, ya ce ga hon nan. Akwai wanda bai yi wannan sa'ar ba, nasa hon ya zauna a sitiyari amma yana kuka da kansa duk lokacin da aka karya kwanar dama. Unguwarsu kowa ya san dawowarsa.

Na kuma ga wani Baba mai 504, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ba ta da fawa ko ta sisi. Ɗansa ya yi masa gwaninta ya sa masa ƙaramin sitiyari. Faransawa ba don ado suka yi na 504 da faɗi ba, faɗin ne ke ba hannu ƙarfin juya taya. Baba ya yi ribas sau ɗaya a ƙofar gida, ya fito yana haki ya ce, "Kai, ina nawa na da?"

Akwai malamin intanet. Ya san cewa ramukan kusoshi shida na Momo da Sparco a kan da'irar milimita 70 suke, na Nardi kuma 74, saboda haka mazaunin wannan ba ya karɓar wancan. Yana da gaskiya, ya kuma tsayar da aiki rabin sa'a yana nuna wa bakanike bidiyo. A babur ɗin haya ya zo.

Mu 'yan benci kuwa namu ba da shawara ne kyauta, da girgiza kai, da "yaran yanzu". Ni dai ba ruwana da wannan shirme. Akwai dai wani Nardi na katako, irin wanda Enrico Nardi ya fara yi a Turin a shekarun 1950, da ke rataye a wata rumfa, nakan ɗan biya in duba ko yana nan. Na taɓa tambayar kuɗinsa, amma don in san halin da kasuwa ke ciki ne kawai.

Duk waɗannan ina dariyarsu ne da zuciya ɗaya. Ko Ɗan Tsere da ya cire jakar iskarsa ya ajiye a ƙarƙashin gado, ya san abin da ya yi. In ka yi masa magana zai kawo maka labarin Takata, kamfanin Japan da jakunkunansa suka riƙa fashewa da ɓaraguzan ƙarfe har aka janye miliyoyin motoci, kamfanin ya durƙushe a 2017. Hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, tunda maganin jaka mai lahani a sa mai kyau ne. Amma fuskarsa ce, haƙoransa ne, kuma duk wanda ya shiga motar ya ga babu jaka a wurin.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai ɓoyewa. Ya sayo motar da ta yi haɗari a Amurka, jakarta ta riga ta fashe. Maimakon ya sayi wata, sai ya sa a yanke ragowar, a cusa tsumma ko a bar wurin fayau, a rufe da sabon murfi mai tambarin kamfani da rubutun SRS a jiki. Wani ma lafiyayyar jaka yake zarewa daga motar da zai sayar, ya kai kasuwa daban, ya ci riba biyu. Fitilar gargaɗi za ta tona masa asiri, don haka sai a nemo ɗan mitsitsin resista mai om biyu da ɗoriya a maƙala a bakin wayar. Kwamfutar mota ta ɗauka jaka na nan. Ka murɗa makulli, fitila ta kawo, ta yi 'yan daƙiƙoƙinta ta ɗauke, daidai yadda ta lafiya ke yi. An wanke mota, an fesa turare, an kai bakin titi.

Wa ke saye? Malamin makarantar da ya shekara uku yana zubin adashi. Ma'aikaciyar jinya da ke bin hanyar Zariya da asuba. Mutumin da ya ƙara kuɗi musamman don an ce masa wannan "ba ta taɓa ko ƙwarzane ba". Jakar nan kafin ƙiftawar ido take cika ta tare kan direba da ƙirjinsa, kuma sau ɗaya ake buƙatarta a rayuwar mota. A wannan sau ɗayan ne mai motar zai san abin da aka sayar masa, in ya rayu ya sani.

Na taɓa yi wa irin mai ɓoyewar nan magana a kan benci. Ya kalle ni ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai kwana ne. In ya ƙare, ko jaka goma ce ba ta hanawa." Ban taɓa jin an ɗauko maganar gaskiya an yi mata wannan wulaƙanci ba. Ita ƙaddarar ai ba ta ce ka karɓi kuɗin abin da ka cire ba. Kuma na leƙa motar da shi yake hawa da iyalinsa: jakunkunanta cif, har da na gefe.

Tunda fitila ta koyi ƙarya, hanya ɗaya ta rage wa mai saye. Ka zo da bakanikenka, ba na mai mota ba, ya cire kan batir, a jira, ya kwance kusoshi biyun da ke bayan sitiyari, a ɗaga murfin a gabanka ka gani da idonka. Aikin minti goma ne. Mai gaskiya zai miƙo makulli ya koma inuwa. Ɗayan kuwa, tun kafin a buɗe akwatin sifana zai fara rantse-rantse, ya tuna cewa akwai wani Alhaji daga Katsina da ya riga ka yin magana, yana hanya da kuɗi a hannu.