Baƙin da ke tafe ba biza

Yaya,

Daga Agusta zuwa Oktoba ƙananan tsuntsayen Ingila da yawa suke kama hanyar kudu. Da dare suke tafiya, in gari ya waye su sauka a lambunan bayan gida su yi kiwon ƙwari. A nan Bature yake jiransu, madubin hangen nesa a wuya, kofin shayi a hannu. Da kuɗinsa yake sayen tsaba ya zuba wa tsuntsu, a daidai lokacin da yaran gida ke gona suna kaɗa gwangwani don kare gero. Ƙungiyar RSPB mai kula da tsuntsaye tana da mambobi fiye da miliyan 1.

Gane tsuntsayen a kaka sai mai haƙuri, don yawancinsu sun daina waƙa, ga sababbin ƙyanƙyasa sun cika shinge. Biyun da suka fi haɗa dattawa gardama su ne chiffchaff da willow warbler. Dukansu ruwan ganye ne mai duhu-duhu, da wuya ɗaya ya wuce giram 10, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Ƙafa ake fara duba: ta chiffchaff baƙa ce, ta ɗan'uwansa kuwa ruwan ƙasa mai haske. Sai wutsiya, wadda chiffchaff ba ya barin ta huta, kullum yana tsoma ta ƙasa. Fiffiken willow warbler ya fi tsawo, kuma da dalili, don shi Sahara zai ƙetare gaba ɗaya, alhali chiffchaff da yawa a gaɓar Bahar Rum suke yada zango. Mutum da gemunsa zai yi sa'a guda cikin sanyi yana jiran ganye ya kauce ya ga ƙafa.

Blackcap ba ya wahalarwa: namiji baƙar hula, mace jar hula. Wajen Oktoba kuma goldcrest, ɗan giram 5 zuwa 6 mai rawaya a tsakar ka, yake ƙetaro teku daga Sikandinebiya.

Wanda ya fi shafar gida shi ne whitethroat, mai farin maƙogwaro da ja-ja a fiffike da doguwar wutsiya. Na Turai a Sahel suke cin rani, daga Senegal har Tafkin Chadi, cikin ƙayoyi, ba fasfo ba layin ofishin jakadanci. A 1969 kaso mafi yawa bai komo Ingila ba, da aka bi sawu sai aka tarar farin da ya faɗa wa Sahel ne ya cinye su. Tun daga nan masana tsuntsayen Ingila suke bibiyar labarin damina a Sahel.

Wasu na ɗauke da ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, aikin ƙungiyar masana tsuntsaye ta BTO. In yara sun ci karo da mai zobe, a ajiye danko, a rubuta lambar da ranar da sunan garin, a aiko.

A gaida Inna da yara.

Ƙaninka na Ingila