Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Wutar Lantarki

A nan Kontagora, har gobe yara na ihun "NEPA ta kawo!" duk da cewa an rushe hukumar lantarki ta NEPA tun 2005.

Hajiya, ke fa 'yar gida ce. A Kainji aka yanke miki cibiya a 1968, kika ƙara ƙarfi a Jebba da Shiroro, ga Zungeru mai megawat 700 ta zo daga baya. Madatsu huɗu a jihar Neja kaɗai! Kafin a haife ki sai da ruwa ya cinye tsohuwar Bussa, dubban mutane suka bar gidajensu da kushewar iyayensu, kuma duk daminar da aka buɗe ƙofofin madatsa, manoman shinkafa na bakin kogin Kwara ne ke kwana da fargaba. Wanda ya biya wannan sadaki ya cancanci fiye da leƙowar tsakar dare, wadda ko ruwan randa ba ta isa ta sanyaya a firji ba. Takardar kuɗinki kuwa, tabarkalla, ba ta taɓa makara ba, har gidan da ba shi da mita.

Za ki ce ba laifinki ba ne: laifin babban layin ƙasa ne, daga Osogbo ake rabo, ke 'yar aike ce kawai. Mun ji. Amma a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, cikin 'yan kwanaki aka yanke ki daga Yamai. Ashe inda kike zuwa shawara ce ta mutane, kuma abin da aka yanke a ofis ana iya gyara shi a ofis. Za ki kuma ce kina bin mai biya, wato 'yan rukunin A da hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗora wa naira 225 kan kowane yunit a 2024 da alkawarin wutar awa 20 a rana. Ai mai walda da mai injin niƙa a Kontagora suna biyan ninkin haka a man janareta, da hayaƙi a matsayin gyara.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkarki da kansu, don haka uzurin "sai Abuja ta ce" ya ƙare. A rubuta awoyin da kowace unguwa za ta gan ki, a manna a bainar jama'a, a ba kowane gida mita, ranar da kika saɓa kuma kamfanin rarraba wuta ya rage mana kuɗi.

Naki mai jiran tsammani,
Wani mai biyan kuɗin duhu, Kontagora.