Irin Mutanen da Ake Tararwa a Halwar Holy Isle

Daga ƙauyen Lamlash na tsibirin Arran, a yammacin Sikotland, wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa ke tsallakar da mutane zuwa Holy Isle. Tsawon tsibirin duka kamar kilomita 3 ne. Mabiya addinin Buddha na gidan ibadar Samye Ling suka saye shi a 1992, kuma duk mai son 'yan kwanakin halwa, ko wane addini yake bi, suna karɓarsa. Sai dai akwai sharaɗi: ba giya, ba taba, ba nama, ba kashe mai rai. A nan halin kowa ke fitowa fili.

Akwai sarkin barci. Da zarar an tanƙwashe ƙafa an rufe ido, kansa zai fara rinjaya. Kafin minti biyar munshari ya tashi. In an fito, shi ne kan gaba wajen cewa yau ya yi nisa ƙwarai, kuma gaskiyarsa, ba wanda ya kai shi nisa.

Sai tsohon hannu, wanda ya yi halwa a Indiya da Nepal, har da matashin zamansa yake zuwa. In ya ritsa ka a bakin ruwa, sai ya yi sa'a guda yana maka bayanin falalar yin shiru.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai kewar nama. Tsibirin cike yake da tumakin Soay da fararen awaki da ƙananan dawakan Eriskay, suna yawo ba makiyayi. Ranar farko yana musu murmushi yana ɗaukar hoto. Bayan kwana uku na miyar wake da ganye, dawakan sun daina burge shi, rago kawai yake bi da ido, irin kallon mahauci ana gobe Babbar Sallah. Ɗan'uwansa shi ne wanda ƙananan ƙwarin bazara ke cizo: zai waiga hagu da dama, ya kai wa wuyansa mari, sannan ya wayance da susa.

Mai waya kuwa zai ce za shi tafakkuri kan dutsen Mullach Mòr, mai tsayin mita 314. Can za ka same shi ya ɗaga hannu sama, kai ka ce addu'a yake, alhali sabis yake nema.

Ga kuma mai ƙirga kwana, wanda tun daren farko ya haddace lokacin jirgin komawa. Kada ka gaya masa cewa a kudancin tsibirin akwai matan da ke shiga halwar shekara 3 da wata 3, ko labarin Waliyyi Molaise da ya zauna a kogo a nan wajen ƙarni na 6. Ka dai sanar da shi cewa jirgin nan sai yadda teku da iska suka so, in suka ƙi, zai ƙara kwana.