Ni da katangar gidana

Ni mutum ne mai son rufe ɓarna da fenti. Gara in faɗa da bakina kafin uwargida ta riga ni, don a gabanta aka yi komai, a jikin katangar gidanmu da ke Hotoro.

Bayan ruwan Agusta ne gindin katangar ya yi duhu, filasta ta kumbura, wani farin gishiri ya feso. Da ka sa yatsa sai ta zubo gari. Mai hankali birkila zai nema. Ni kuwa sai na garzaya Tarauni na sayo fentin mai, na shafe wurin tas, na ja da baya ina yaba wa kaina. Ba a jima ba fentin ya yi bororo, yara suka mai da ɓare shi wasan yamma.

Sai na ce ai siminti ne ya yi ƙaranci. A farkon 2024 ne, lokacin da buhu ya haura naira 10,000, don haka na rantse ba zan ƙara da kuɗin aiki ba. Na ari cokali da kwanon sarki, na kwaɓa siminti kusan zalla wai don ya yi ƙarfi, na lafta a kan ruɓaɓɓiyar filastar da rana tsaka, ko ruwa ban ba shi ba. Ya tsattsage. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Alhaji, sannu da ƙoƙari," ya wuce kafaɗunsa na rawa.

Tayil ɗin da na liƙa daga baya kuwa, danshin hayewa ya yi ya ɓullo ta samansa.

Da kunya ta ishe ni na kira wani dattijon birkila. Na tare shi da cewa, "Baba, simintin zamani ne ba shi da albarka ko?" Bai tanka ba. Ya bi katangar yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, inda ta yi ƙarar fanko ya ja layi da gawayi. Sannan ya tsuguna ya damƙi ƙasa.

"Alhaji, wa ke ban ruwa a nan?"

Ni ne. Ni na tara ƙasa da taki a jikin bulo na dasa zogale, ga famfon alwala yana ɗiga dare da rana. Ya ce bulo yana zuƙo ruwa daga ƙasa kamar lagwani, ya taho da gishiri, fentin mai kuma ya hana shi fita. Sai a janye ƙasar, a gyara famfon, a sassaƙe filastar har sama da inda danshin ya tsaya, a bar hunturu ya busar da bulon. Sannan a jiƙa fuskarsa, a yi sabuwa da yashi mai tsabta, a yi ta ba ta ruwa kwana da kwanaki. Mutanen cikin birni na da, in ji shi, makuba suke yaɓawa, kuma ba sa jiran gini ya ruɓe kafin su sabunta.

Na dai san ba ni kaɗai ba ne. Zaga Gyadi-Gyadi gab da Sallah: sama sabon fenti, ƙasa danshi, kwata cike da leda. Kai ma kafin ka sayi galan bana, ƙwanƙwasa taka katangar ka ji.