Masu cin taliya iri shida a Gagarawa Tasha

A Italiya, inda mutum guda kan ci kimanin kilo 23 na taliya a shekara, akwai samfurinta fiye da 300, kuma kowanne da miyarsa. Doguwa siririya, wato sifageti, da mai ko miyar tumatir marar kauri ake cinta. Mai rami, irin su penne da rigatoni, ana ba ta miya mai kauri da gutsattsarin nama don su maƙale a cikin ramin. Ƙananan kuma sai romo. A kantunan Gagarawa Tasha, tsohon zangon jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru, kayan ba su kai haka yawa ba: doguwa ta leda, makaroni mai lanƙwasa, mai murɗe, sai ta Hausa da ake yi a gida. Abin da aka rasa a yawan samfuri an fanshe shi a masu ci, don kowa da mazhabarsa.

Ta farko ita ce Uwargida Mai Karyawa. Tana farke leda za ta kama taliyar da hannu biyu, ƙas, ta raba ta gida uku. Mutumin Napoli da zai ga wannan sai an yi masa fifita, don a can karya doguwar taliya abin kunya ne: tsawon ne ke sa ta naɗu a cokali mai yatsu ta kwaso miya. Uwargida kuwa tana da hujjarta. Yara tara ne a gaban tire ɗaya, in aka bar taliyar da tsawonta, babban yaya zai ja sili guda ya janye rabon ƙannensa. Sannan ba ta yarda da dahuwar Italiyawa ta minti tara ko goma ba, wadda ake sauke taliya da ɗan sauran tauri a tsakiya. Wannan a wajenta ɗanya ce. Sai ta yi luɓus ta kumbura ta cika tukunya, ta tace, ta ɗauraye da ruwan sanyi, ta zubar da ruwan dahuwar da Italiyawa ke ɗiba su ƙara wa miya danƙo. "Maigida, auki nake nema," in ji ta, "ba gayu ba."

Na biyu shi ne Ɗan Manja da Yaji. Shi ba ya ƙirga ta leda a cikin taliya. Tasa ita ce wadda aka kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, aka murza a ƙaramin inji mai hannu har ta fito sili-sili, aka shanya a kan igiya a tsakar gida, yara na gadi kada akuya ta yi ɓarna. A dafa ta da wake, a zuba manjan da aka soya da albasa, a barbaɗa yaji, a yanka tumatir a kai. In 'yar talla ta ajiye roba da hantsi, yana tsaye a kanta: "Yarinya, ƙara mai, ba magani kike ba ni ba." Yana ganin Bature bai san wannan daɗin ba. Da zai je Napoli, zai tarar talakan can ya riga shi: sifageti da man zaitun da tafarnuwa da barkono, ba nama ba tumatir, abincin tsakar dare ne da kowa ya sani. Taliya da wake ma tsohon abinci ne a faɗin Italiya, pasta e fagioli. A birnin Bari kuma har yau mata na zama a ƙofar gida suna murza taliyar orecchiette da wuƙa da babban yatsa.

Na uku Malam Duk-Ɗaya-Ne. A ba shi doguwa, a ba shi murɗaɗɗiya, cewa zai yi duk fulawa ce, ciki kuma bai san zane ba. Wannan mutumin ne dai ranar Alhamis a kasuwar Maigatari zai hango sa daga nesa ya ce rahaji ne ba bunaji ba, ya taɓa bayan rago ya faɗi ko uda ne ko balami, ya ƙiyasta nauyinsa ba sikeli. Amma a ce masa zanen da ke jikin penne an yi shi ne don ya riƙe miya, sai ya ce sharrin 'yan kasuwa ne. Maganarsa ta fulawa ma ba ta cika ba. Tun 1967 dokar Italiya ta ce busasshiyar taliyar da za a yi a ƙasar don sayarwa a cikinta sai ta tsakin alkama mai tauri, durum, wadda ba ta saurin caɓewa. Ta Hausa kuwa da fulawar burodi ake yinta, shi ya sa minti kaɗan ya ishe ta, in aka yi sakaci ta dunƙule. Malam ya san haka sarai, don shi ne farkon mai ƙorafi duk ranar da ta caɓe.

Ta huɗu Amarya 'Yar YouTube, wadda aka kawo daga Gumel da akwatin kayan ƙamshi. Ba ta cewa makaroni, sai fusilli da farfalle. Ranar da dangin miji suka zo ta ce bolonis ta yi musu: sifageti da niƙaƙƙen nama. Ba ta ji labarin cewa a 2019 magajin garin Bologna, Virginio Merola, ya fito fili ya ce babu wani abinci mai suna sifageti bolonis a garinsu ba. Su miyar namansu da tagliatelle suke ci, mai faɗi, kuma sun ɗauki abin da zafi har a 1972 suka ajiye ma'aunin faɗinta na zinariya, milimita 8, a cibiyar 'yan kasuwar birnin. Da ta waiwayi taliyar carbonara ta mutanen Rum, sai ta gano da kumatun alade ake yinta, ta ce a'uzubillahi, ta yanka kilishi a madadinsa. Ƙanin miji ya cinye tas, ya suɗe kwano, sannan ya ce, "Anti, ya yi daɗi, amma ina miyar?"

Na biyar Masanin Teburin Mai Shayi. Yana jiran a soya masa Indomie da ƙwai biyu yana karantar da jama'a cewa Marco Polo ne ya kwaso taliya daga Sin ya kai Italiya. Labarin na da daɗin ji, sai dai wata mujallar masu kamfanonin makaroni a Amurka ce ta yayata shi a 1929. Marco Polo ya koma birnin Banis a 1295, alhali takardar gadon wani mutumin Genoa ta 1279 ta riga ta lissafa kwandon makaroni a cikin dukiyarsa. Kafin nan ma, a 1154, malamin nan al-Idrisi ya rubuta cewa a Trabia da ke tsibirin Sisili ana yin taliya mai yawa ana loda wa jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. In aka gaya wa Masani haka sai ya ce ai abin da yake nufi ke nan. Indomin da ke gabansa kuwa asalinta Indunusiya ce, amma wannan darasin sai wani daren.

Na shida Baba Tuwo-Ne-Abinci, manomin riɗi da ya ga zamanin da jirgi ke tsayawa a tasha ana lodin gyaɗa. Ya yarda alkama abin arziki ce, ga ta nan ana nomanta da rani a fadamun Haɗeja da Auyo, amma a ganinsa alkaki da gurasa da finkaso aka halicce ta don su. Taliya kuwa abincin yara ce. Cokali mai yatsu ba ya shiga hannunsa. Da yatsunsa biyar yake naɗo ta, ya ɗaga sama, ya karkata kai, ya sako ta baki, daidai yadda talakawan Napoli ke ci a bakin titi a ƙarni na 19 har masu yawon buɗe ido na biya don su kalla. Jikoki na dariya, shi ko a jikinsa.

Yakan cinye kwano biyu bayan magariba, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, ya yi hamdala. Sannan ya leƙa madafa ya tambayi surukarsa, "'Yar nan, yau ba a ɗora tukunya ba ne a gidan?" Dole a tashi yaro ya je maƙwabta ya karɓo malmalar tuwon dawa da miyar kuka, in ba haka ba gobe gari zai ji cewa an bar tsoho ya kwana da yunwa.