Me Za A Sa Maka A Ciki?

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tana ratsa Gidan Rumji da Tsibirin Gobir, ta taɓa Maradi, ta bi Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. A kowace tasha da ke bakinta akwai tebur ɗaya da fasalinsa ba ya canzawa: benci biyu ko uku, tukunyar ruwan zafi a kan gawayi, gwangwanayen madara da Nescafé an jera su bene-bene, ƙwai, kwalbar mayonez, da kwandon burodi an lulluɓe shi saboda ƙura. Mai shayi zai tsaga burodi da wuƙa, ya ɗaga kai ya ce, "Me za a sa a ciki?" Da'awata ita ce amsar wannan tambaya ba ta da alaƙa mai yawa da ɗanɗano. A gida ba a tambayar namiji abin da yake so. Rumbu da uwargida ne ke yanke hukunci, a sauke tuwon gero da miyar kuka, kowa ya sa hannu a akushi ɗaya, babu wanda halinsa ya tonu. A teburin mai shayi kuwa abubuwa uku sun haɗu waɗanda ba su haɗuwa a ko'ina: zaɓi, da farashi, da ƴan kallo. Mutumin da aka rene shi da kunyar ci a bainar jama'a dole ya faɗi da bakinsa abin da zai ci da nawa zai biya, benci cike da mutane suna saurare. A nan ake gane kowa.

Na farko shi ne mai lissafi. Yakan zo da dala ashirin a dunƙule a hannu, sefa 100 ke nan ga wanda bai saba da ƙirgen Nijar ba, kuma ya gama kasafta ta tun kafin ya fito gida. Zai sayi rabin burodi, ya kafa wa wuƙa ido kada ta karkata ta cuce shi. Ba ya sayen ƙwai, amma ya san daidai lokacin da aka sauke ƙwan wani, sai ya miƙa burodinsa ya ce, "Malam, ɗan goga mini a kaskon nan kafin ka wanke." Man da ya rage kyauta ne, ɓurɓushin albasa kyauta ne, yaji kyauta ne, don haka yakan tashi da burodi mai ƙamshin ƙwai bai biya kuɗin ƙwai ba. Ana yi masa dariya, amma shi kaɗai ne a bencin ya fahimci abin da yake ci. Gonakin Agye da Gazawa suna ba da gero da wake da gyaɗa da aya, ba su ba da alkama. Fulawar da ake gasawa daga waje take zuwa, ta sauka a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa, ta hau babbar mota. Shi ya sa duk abin da ya girgiza duniya sai ya iso kwandon mai shayi: karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, yaƙin Rasha da Yukren a 2022, takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Masu gidan burodi sun san jama'a ba su son jin an ƙara kuɗi, sai su bar kuɗin a inda yake su rage ƙullin. Mai lissafi ne ke fara ganewa, domin yana auna burodi da taƙi, kuma yakan sanar da cewa burodi ya rame tun gidan rediyo bai faɗa ba.

Kishiyarsa shi ne ɗan ci-rani da ya dawo. Ko daga Libiya yake, ko daga wuraren zinariya na Jado da suka ɗauke samarin karkara tun 2014, ko daga Legas, ko Abijan, odarsa shela ce. "Ƙwai huɗu, sardin gwangwani guda, mayonez kada ka ji tausayinta, madara kuma har sai shayin ya yi fari!" Yana faɗa da muryar da za ta kai wajen masu kabu-kabu a ƙetaren titi. Ba zai cinye rabi ba, don ba yunwa ce ta kawo shi ba. Idan ya gama sai ya zaro takardar jika goma, ya san sarai babu canjinta a teburin, mai shayi ya tura yaro ya zagaya tasha neman canji, yaro kuma ya kai labari duk rumfar da ya shiga. Da kuɗin burodi ɗaya an yi masa sanƙira. Wanda ya dawo daga Abijan yana da ƙari: zai yi wa benci lacca kan garba, wato garin rogo da soyayyen kifi da ƴan Nijar suka shahara da sayarwa a can, ya nuna cewa mutanen gida ba su san ci ba. A ba shi ƴan makonni. Ƙwai zai koma biyu, sardin ya ɓace, daga bisani a ji wai likita ya hana shi maiƙo.

Mushe, malamin lakwal, ba ya shela, amma burodinsa kalanda ce. Farkon wata ƙwai da nama, tsakiyar wata bota, ƙarshen wata ya karɓi burodi tsura ya matsa wajen mai ƙosai ta jera masa uku a ciki. Ba zai taɓa cewa albashi ya ƙare ba. Zai bayyana cewa wake ya fi gina jiki, kuma a Senegal har manyan ma'aikata da burodi da wake suke karya kumallo. Abin haushi, duka biyun gaskiya ne, sai dai ilimin ba ya zuwa masa sai bayan ashirin ga wata. Sunansa yana cikin littafin bashin mai shayi, kuma saboda girmamawa shi ake ba wa ya rubuta da hannunsa, tunda rubutunsa ya fi kyau.

Akwai kuma sufeto, wanda bai taɓa soya ƙwai a gidansu ba amma yana tsaye a kan mai shayi: rage wuta, ƙara albasa, wannan ba ta Galmi ba ce, juya, ka ƙona. A wuce shi. Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne mai amsa bismilla. Al'ada ta ce duk wanda aka ajiye wa abinci ya ce "bismilla" ga na kusa da shi, al'ada kuma ta ce na kusa ya ce "alhamdu lillahi, na ƙoshi." Yarjejeniya ce mai kyau da ke ba kowa damar yin kyauta ba tare da asara ba. Wannan bawan Allah rabin yarjejeniyar kawai ya sa wa hannu. Zai ce ya ƙoshi, ya ƙara da cewa sai dai kada ya ƙi albarka, ya kama burodin ta tsakiya, inda ƙwai ya fi kauri. Bai taɓa sayen komai ba, amma ya fi kowa sanin mai shayin da hannunsa ya fi daɗi daga Cadawa har Gazawa. Shi ne ya haifar da wani nau'in, wato mai ƙunshi, wanda da ya hango shi sai ya ce a naɗe masa a takarda, wai yara zai kai wa, sannan a gan shi bayan motar aya yana fuskantar taya, kumatu a cike.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan aljihu ne ba hali ba: mai kuɗi ya ci ƙwai huɗu, talaka ya goga kasko, ina abin nazari? Akwai gaskiya a ciki, musamman a yankin da damina ɗaya ke yanke hukuncin shekara. Amma hujjar ba ta kai ba. A ba mutum biyu dala arba'in arba'in, ɗaya zai sayi burodi guda tsura ya ƙoshi, ɗaya zai sayi ɗan guntu a cika masa da nama don a gan shi da nama, ya tashi da yunwa. Alhajin da ya loda tirela da aya yana iya zama shi ne mai goga kasko, yaron motarsa kuma mai odar sardin. Aljihu yana shata iyakar gona ne kawai, abin da aka shuka a ciki na mai gona ne.

Ko burodin ma ya raba jama'a gida biyu. Akwai ƴan dogon burodi, gadon Faransa, mai ɓawo da ƙara, wanda ke da daɗi da safe kuma da la'asar ya isa a kori akuya da shi. Akwai ƴan burodin Najeriya, mai taushi da zaƙi, irin wanda ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa ko ake kwaikwayonsa a nan. Na farko suna cewa na biyu soso suke ci, na biyu suna cewa na farko suna biyan kuɗi a yanka musu dasashi. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da yawa daga ƴan taushi sun sauya sheƙa ba tare da sanarwa ba, suka koma gida da aka buɗe. Ni dai ina ganin idan tsire za a sa, dogon ya fi, don yana shan mai ba ya narkewa. Idan shayi za a tsoma, mai taushi ya yi nasara.

Ƙalubale mafi nauyi daga dattijo yake zuwa, wanda ke zaune a ƙarshen benci da gorarsa. A wurinsa burodi iska ce da aka yi wa riga, abincin wanda bai taɓa riƙe hauya ba. Fura da nono ita ce ke riƙe manomi daga hantsi zuwa la'asar, kuma geronta daga gonar gida yake. Duk wannan daidai ne, kuma idan ana neman abincin gaggawa na asali a ƙasar Gobir da Katsina, fura ce da ƙosai da waina, burodi baƙo ne. Amma inda ya ce alkama ba tamu ba ce, ya wuce gona da iri. Alkaki da finkaso sun daɗe a gidajen biki, kuma Kanawa suna haɗa gurasa da tsire da ƙuli-ƙuli tun ba a san mayonez ba. Sa nama a cikin gasasshiyar alkama ba bidi'a ba ce. Sannan a bi Baba ranar kasuwa. Da la'asar, kafin ya hau amalanke, zai tsaya ya sayi dogon burodi biyu ya soke a hammata, domin jikoki ba su tarbar kaka da murna a kan ya kawo fura. Iskar da ya zaga da safe ita ce tsarabar da ke tsare masa mutunci da yamma.

Sai ɗan jami'a da ya zo hutu daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maradi, ko daga Yamai. Shi ya ci shawarma, ya ci boga, ya ɗauke su hoto ya sa a Facebook kafin su huce. Yakan dubi teburin da tausayi ya yi zancen McDonald's, alhali kamfanin ba shi da reshe ko ɗaya a Nijar ko Najeriya, sai an je irin su Maroko da Masar da Afirka ta Kudu. Abin da bai lura da shi ba shi ne darajar bogar irin waɗannan kamfanoni tana cikin rashin bambancinta. An tsara ta ne ta zama iri ɗaya a ko'ina, har mujallar The Economist ta Ingila take amfani da farashin Big Mac, bogar McDonald's, tun 1986 wajen kwatanta ƙarfin kuɗin ƙasashe. Abin da za a iya auna kuɗin duniya da shi ba zai auna mutum ba, tunda an riga an amsa tambayar a madadinsa, lamba kawai zai nuna. A tashar Gidan Rumji kuwa mai nama zai zare masa tsire daga tsinke, naman da aka yanka da safiyar ranar, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa, ya cusa a burodi ya naɗe a takardar siminti, kuma ko yawan kitsen da za a sa ana iya yin ciniki a kansa. Ɗan jami'a yakan ci biyu, amma ba ya ɗaukar hoto.

Saura ƙorafi ɗaya da ba shi da cikakkiyar amsa: ina mata? Benci na maza ne, don haka duk hukuncin da aka yanke a nan rabin gari ya shafa. Mata suna gefen tebur suna soya ƙosai da awara da ake cusawa a burodin, sun fi kowa sanin wane ne mai lissafi wane ne mai ƙarya, amma idan su za su ci, aike suke yi. Wannan ya kawo mu ga ɗan aike, yaro ɗan shekara bakwai ko takwas da aka ba kuɗi aka ce ya yi sauri. Ba ya ciniki, ba ya shela, ba ya jin kunyar kowa, haraji kawai yake karɓa. Daga tebur zuwa kwanar farko ya gutsure baki ɗaya don ya tabbatar na yau ne, daga kwana zuwa ƙofar gida ya gutsure ɗayan don su yi daidai. Idan an tambaye shi zai rantse haka mai shayi ya ba shi, kuma akwai gidaje a Gangara da Cadakori da har yanzu ake zargin masu gashi da sayar da burodi marar baki.