Ni da Ƙaguwa Ba Ma Ga Maciji

Akwai wata cuta a jikina da ko a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ba a koyar da maganinta: bakina ba ya iya furta "ban iya ba". Ana yi wa Katsinawa kirari da kunya, ni tawa ta wuce gona da iri har ta zama ƙarya.

Wani aminina ɗan Kusada mai fataucin shanu a Agege ne ya tona min asiri. Ya kai ni gidan abinci a Legas, aka dire mana miyar kuɓewa, ga ƙaguwa kwance a ciki da ƙafafunta goma.

"Malam, ka taɓa ci kuwa?"

"Haba Alhaji, tun yaushe!"

Alhali iyakar sanina da ita, muna yara da damina mukan tsokane ta da kara a bakin rafi, ta ɗaga hannu mu watse.

Na fara neman mafita ta addini, babu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne. Hanafawa ne suka tsaya ga kifi kaɗai, kuma wallahi sai da na yi tunanin aron mazhabarsu zuwa la'asar. Na koma ta lafiya: ƙaguwar rafi da ba ta dahu ba tana ɗauke da tsutsar da ke shiga huhu, ta sa tari mai kama da tarin fuka, kuma an yi fama da ita a gabashin ƙasar nan bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. To, wannan ta dahu har ta yi jawur. Ba hanya.

Sai na yi bisimilla na gatsa ta da ɓawonta, yadda muke yi wa fara. Ƙarar da ta fito sai da teburin kusa ya waigo. Na tauna, idona na hawaye, ina gyaɗa kai wai daɗi.

Alhaji ya bar ni na sha wuya son ransa, sannan ya ja kwanon gabansa ba tare da ya ce uffan ba. Ya kifar da ita, ya ɓalle ɗan murfin da ke cikinta. Mai faɗi na mace ne, siriri na namiji. Ya ɗage ɓawon baya, ya zubar da wasu abubuwa masu ruwan toka da take numfashi da su, waɗanda ni tuni na haɗiye nawa. Ya raba gangar jikin biyu ya zaƙulo farin nama. Manyan hannuwan nan ya fasa da bayan cokali, nan ne naman kirki yake. Ƙananan ƙafafu kuwa tsotsa ake yi.

Ni da nake yi wa mutanen kudu dariya in sun ga soyayyar fara da yaji sun yamutsa fuska. Su dai sukan ce ba su iya ba, su huta.

Ban warke ba, don da na dawo gida sai da na ba da labari a majalisa kamar a bakin teku aka yanke min cibiya. Naman yana da zaƙi, amma wahalarsa ta fi shi yawa, kuma tsire bai taɓa fasa min dasashi ba. 'Yan uwa masu zuwa kurmi, in an kawo muku ita, ku bari mai masauki ya fara, ku nemi cokali, kuma kada ku je da farar shadda.